LITTAFI KO SHAIDAR BANGASKIYA: Tarihin Wata Tsohuwar Muhawara Tsakanin Kirista

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Kasuwar Daji, cikin Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda ta Jihar Zamfara. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan wannan fili, sai ya ce: "Ni Musulmi ne, amma ina hulɗar ciniki da Kirista da dama masu zuwa sayen gero da dawa da wake daga Ƙaura da Gusau, har da masu wucewa Shinkafi da Zurmi. Na lura waɗansunsu suna da wasu kalmomi da suka haddace, suna karantawa tare a coci ran Lahadi, suna ce musu shaidar bangaskiya. Waɗansu kuwa sun ce mini su ba ruwansu da ita, don ba ta cikin Littafinsu, mutane ne suka rubuta ta. Don Allah ku ba ni tarihin wanga al'amari. Wa ya rubuta ta? In kuma ta saɓa da Littafin, wanne ake bi?"

AMSA: To, Malam mai tambaya, mun gode da wannan takarda taka, dama Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Abin da ka ji a bakin abokan cinikinka tsohuwar magana ce, domin kuwa ta kai shekara 1,700 ana tafka ta. An raba ƙasashe a kanta, an kori malamai daga garuruwansu, har jini an zubar. Tun da fari dai bari mu faɗa, mu a wannan fili tarihi muke bayarwa, wa'azi kuwa yana da masu shi. Saboda haka za mu kawo abin da kowane ɓangare ya riƙe kamar yadda shi da kansa yake bayyana shi.

Abin da ake kira shaidar bangaskiya wani taƙaitaccen bayani ne na aƙidar Kirista, wanda karanta shi ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. Ya ƙunshi gaskatawa da Allah Mahalicci, da abin da Kirista suka yarda da shi game da Annabi Isa (A.S.), wanda su suke kira Yesu Almasihu, da Ruhu Mai Tsarki, da gafarar zunubi, da tashin matattu. Waɗanda suka fi shahara guda biyu ne, watau wadda ake kira ta Manzanni da wadda ake kira ta Nikiya. Waɗanda suka ce maka ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ba su yi ƙarya ba. In ka buɗe shi tun daga Farawa har zuwa Wahayin Yahaya, ba inda za ka same ta a jere kamar yadda ake karanta ta. Masu karanta ta ma ba su musa haka ba, abin da suke cewa shi ne daga Littafin aka tsamo ma'anarta. To, a nan ne gizo yake saƙar.

ASALINTA DAGA WURIN BAFTISMA NE

A ƙarni na farko da na biyu bayan haihuwar Annabi Isa (A.S.), babu injin buga littafi. Da hannu ake kwafar komai, ga tsada, ga kuma yawancin jama'a ba su iya karatu ba. Sau da yawa sai ka tarar da jama'ar wani gari suna da Linjila ɗaya ko biyu da waɗansu wasiƙun Bulus, shi ke nan. Idan mutum zai shiga addinin, a lokacin da za a yi masa baftisma, watau wankan shiga addini, sai a yi masa tambayoyi uku a kan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, yana amsawa. Waɗannan tambayoyi ne aka riƙa haɗawa suka zama jimloli da ake haddacewa.

Akwai kuma wani dalili na biyu. Tun a wancan zamani aka sami ƙungiyoyi masu karanta nassi guda amma suna fito da ma'anoni daban-daban. Wani mutum mai suna Markiyon, wanda aka kora daga ikilisiyar birnin Rum wajen shekara ta 144, ya ce a yi watsi da Tsohon Alkawari baki ɗaya, wai Allahn da ya yi magana a cikinsa daban ne da wanda Almasihu ya zo da labarinsa. Malamai irin su Iraniyus, bishop na birnin Liyon a Faransa ta yau, wajen shekara ta 180, da Tartuliyan, mutumin Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200, suka ce ja-in-ja da ayoyi kawai ba zai ƙare ba. Suka ce akwai wata ƙa'idar bangaskiya da ikilisiyoyi suka gada baki da baki daga almajiran Almasihu, kuma da ita ake gane karatun da ya dace da wanda ya kauce.

Ita kuwa wadda ake kira ta Manzanni, an daɗe ana ba da labarin cewa manzannin nan goma sha biyu ne suka zauna kowa ya kawo jimla guda. Masana tarihi sun tabbatar ba haka abin yake ba. Ta samo asali ne daga kalmomin baftisma na ikilisiyar Rum, aka yi ta ƙari a hankali, siffarta ta yanzu kuwa ba ta bayyana a rubuce ba sai wajen ƙarni na 8.

TARON NIKIYA DA KALMAR DA BA TA CIKIN LITTAFI

Babbar gardamar a Afirka ta tashi, a birnin Iskandariya na ƙasar Masar. Wani limamin coci mai suna Ariyus, wanda asalinsa mutumin Libiya ne, ya koyar da cewa Almasihu halitta ne, ko da yake shi ne farkon halitta kuma mafi ɗaukaka, kuma akwai lokacin da babu shi. Bishop ɗinsa, Iskandar, ya ce a'a, Almasihu ba shi da farko. Kowannensu yana da ayoyin da yake kafa hujja da su. Rikici ya bazu a gabashin Daular Rumawa, har Sarki Kustantin, wanda ya gama haɗe daular a hannunsa a shekara ta 324, ya ga abin zai raba masa ƙasa. Sai ya kira bishop-bishop zuwa garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya, a shekara ta 325. Al'adar coci ta ce mutum 318 suka halarta, masana tarihi kuwa suna ganin ba su kai haka ba.

Atanasiyus, wanda ya halarci taron yana matashi ɗan rakiyar Bishop Iskandar, ya ba da labarin cewa da farko an so a rubuta matsayar taron da kalmomin Littafi zalla. Amma duk kalmar da aka kawo, sai mutanen Ariyus su ce sun yarda, domin suna da yadda za su fassara ta ta dace da ra'ayinsu. Daga ƙarshe sai aka ɗauko wata kalmar Girkanci, homo'usiyos, mai nufin cewa zatin Ɗa da na Uba ɗaya ne. Wannan kalma ba ta cikin Littafi Mai Tsarki ko sau ɗaya. Kusan duk mahalarta suka sa hannu, in ban da bishop biyu daga Libiya, waɗanda sarki ya kora tare da Ariyus.

Ka ga ke nan, Malam, tun ranar da aka rubuta ta aka sami masu cewa don me za a tilasta wa mutum kalmar da ba ta cikin nassi. Kuma taron bai kashe wutar ba. Shi kansa Kustantin, da ajali ya zo masa a 337, wani bishop mai goyon bayan Ariyus ne ya yi masa baftisma. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya a 328, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. A shekara ta 357 wani taro a garin Sirmiyum, cikin ƙasar Sabiya ta yau, ya hana amfani da kalmar zati ɗungurungum, hujjarsa kuwa ita ce ba ta cikin Littafi. Sai a 381, a taron Kustantiniyya, watau Santambul ta yau, aka sake tabbatar da matsayar Nikiya, aka faɗaɗa sashen da ya shafi Ruhu Mai Tsarki. Wannan ta 381 ita ce ake karantawa a coci-coci har yanzu da sunan ta Nikiya.

Akwai wata magana da ta yaɗu a bakin jama'a, wai a taron Nikiya ne aka zaɓi Linjilolin da za a bari, aka ƙone sauran. Takardun taron da suka iso gare mu ba su nuna haka ba. Abin da ke ciki shi ne shaidar bangaskiya, da maganar ranar bikin Ista, da dokoki 20 na tsarin coci.

WANNE YA RIGA WANNE?

A nan ne masu kare shaidar bangaskiya suke da hujja mai ƙarfi. Littattafan Sabon Alkawari dai an rubuta su ne tun ƙarni na farko ko kusa da haka, kuma Linjiloli huɗu sun karɓu tun kafin shekara ta 200. Amma jerin littattafai 27 cif, kamar yadda suke a yau, wuri na farko da aka same shi shi ne a wata wasiƙa da Atanasiyus ɗin nan ya aika wa ikilisiyoyin Masar a shekara ta 367, watau shekara 42 bayan taron Nikiya. Tarurrukan Hippo, a Aljeriya ta yau, a 393, da na Kartaj a 397, suka amince da wannan jeri. Saboda haka sai 'yan Katolika da 'yan Otodoks su ce, jama'ar da ta tantance littattafan ita ce ta rubuta shaidar, in ka yarda da ita a ɗaya, don me za ka ƙi ta a ɗayan? Ɗaya ɓangaren kuwa sai su amsa da cewa coci ba ita ta ba littattafan iko ba, gane su kawai ta yi, kamar yadda mai gane zinariya ba shi ya yi ta ba.

Su kuma masu shakkar shaidar mutane, tarihi ya ba su tasu hujjar. A shekara ta 451 aka yi taro a Kalsidon, tsallaken ruwa daga Kustantiniyya, a kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a Almasihu. Kibɗawan Masar da Kiristan Armeniya da wani sashe na Siriya suka ƙi kalmomin da aka zaɓa, Habasha ma ta bi sahun Masar, kuma har yau coci-cocinsu daban suke. Daga baya kuma Kiristan yammacin Turai, somawa daga ƙasar Sifen a ƙarni na 6, suka ƙara kalma guda ta Latinanci a shaidar Nikiya, mai nufin cewa Ruhu yana fitowa daga Uba da kuma Ɗa. Mutanen gabas suka ce ba wanda ke da ikon ƙara ko wasali a abin da babban taro ya rubuta. Wannan kalma tana cikin abubuwan da suka kai ga ɓarakar 1054 tsakanin Rum da Kustantiniyya.

ZAMANIN MARTIN LUTHER

A shekara ta 1517 wani malamin addini Bajamushe, Martin Luther, ya fito yana sukar waɗansu ayyukan cocin Rum. Da aka gurfanar da shi a gaban Sarki Charles na Biyar a birnin Worms cikin watan Afrilu na 1521, aka ce ya janye, sai ya ƙi. Ya ce Fafaroma da manyan tarurruka sun sha yin kuskure, sun kuma sha saɓa wa juna, don haka ba abin da zai sa ya janye sai hujja daga Littafi ko daga lafiyayyen hankali. Ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, Littafin gaba ɗaya kuma a 1534, domin manomi da maƙeri su karanta da kansu. Daga nan ne aka sami waɗanda ake kira Furotesta.

Cocin Katolika ta mayar da martani a taron Tarent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563. A watan Afrilu na 1546 taron ya zartar cewa Littafi da al'adun da aka gada daga manzanni duka abin girmamawa ne daidai wa daida, kuma coci ce ke da hurumin yanke hukunci a kan ma'anar nassi. Wannan taro ne kuma ya tabbatar da littattafai 73, alhali Furotesta 66 suka riƙe. Ka ga har a kan iyakar Littafin ma akwai saɓani.

Amma fa kada ka ɗauka Luther ya zubar da shaidar bangaskiya. A 1529 ya rubuta littafin tambaya da amsa na koyar da yara, wanda ya ƙunshi bayanin shaidar Manzanni. A wannan shekarar ce kuma ya zauna da Zwingli, jagoran masu gyara na ƙasar Suwizalan, a garin Marburg. Dukansu sun ce Littafi kaɗai ne alƙali, suka daidaita a kan batutuwa 14, amma suka kasa daidaitawa a kan na 15, watau ma'anar gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji. Shekara guda bayan haka mabiyan Luther suka rubuta tasu takardar aƙida a Augsburg, kuma babinta na farko ya amince da Nikiya. Cocin Ingila ma ta fito da sharuɗɗa 39 a 1571. Na shida ya ce duk abin da ake bukata don samun ceto yana cikin Littafi, na takwas kuma ya ce a karɓi tsofaffin shaidun nan domin ana iya tabbatar da su daga Littafin.

Tun da kai ɗan kasuwar hatsi ne, bari mu kwatanta maka da awo. Kamar a ce a kasuwa akwai tiyar sarkin kasuwa, wadda ake gwada sauran tiyoyi da ita. Mabiyan Luther da 'yan Angilika suka ce Littafi shi ne tiyar sarki, shaidar bangaskiya kuwa tiyar ɗan kasuwa ce, ana awo da ita kullum, amma in gardama ta tashi sai a ɗauko ta sarki. 'Yan Katolika suka ce to, ai tiya ba ta auna kanta, dole akwai mai riƙe da ita da zai ce ta cika ko ba ta cika ba. Sai ga kashi na uku, masu cewa tun da ta sarki tana hannun kowa yanzu, me za a yi da wata tiya kuma?

WAƊANDA SUKA ƘI TA GABA ƊAYA

Wannan kashi na uku sun sha wuya a hannun ɓangarorin biyu. Waɗanda suka ce ba su ga baftismar jarirai a Sabon Alkawari ba, hukumar birnin Zurich, wadda ita ma Furotesta ce, ta nutsar da ɗaya daga jagororinsu, Felix Manz, a kogi cikin watan Janairu na 1527. A 1553 kuma aka ƙone wani likita ɗan Sifen, Michael Servetus, a birnin Janiba, saboda ya ce koyarwar Allah Uku Cikin Ɗaya ba daga Littafi ta fito ba.

A shekara ta 1708, a wani ƙauye mai suna Schwarzenau a Jamus, mutum takwas ƙarƙashin jagorancin Alexander Mack suka yi baftisma a kogin Eder, suka ɗauki alkawarin cewa ba su da wata takardar aƙida sai Sabon Alkawari. Suka kira kansu 'yan'uwa kawai. Tsanani ya sa suka yi hijira zuwa Amurka daga 1719. A Amurkan kuma, a 1809, wani fasto mai suna Thomas Campbell ya yi kira da a ajiye dukan shaidun da mutane suka rubuta, a yi magana inda Littafi ya yi magana, a yi shiru inda ya yi shiru, yana fatan haka zai haɗa kan Kirista.

To, an gudu ne ba a tsira ba. 'Yan'uwan nan suna da taron shekara-shekara da ke yanke hukunci a kan tambayoyin da suka taso, har a kan irin tufafin da za a sa. Hukunce-hukuncen suka taru suka yi yawa, aka shiga gardamar ko tilas ne a bi su, har ƙungiyar ta rabu uku tsakanin 1881 da 1883. Mabiyan Campbell su ma suka rabu, rabuwar da ta tabbata a 1906, a kan ko shirun da Sabon Alkawari ya yi game da kayan kiɗa a coci izini ne ko hani. Dama an ce wanda ya ƙi sharar masallaci ya yi ta kasuwa.

YADDA MAGANAR TA ISO ƘASAR HAUSA

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a tsoma baki a addinin jama'a ba, saboda haka aka daɗe ana taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakuna. A yankinku, Kiristanci ya fi shigowa ne ta hanyar jirgin ƙasa. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya kawo ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sayen gyaɗa da auduga daga kudu, kowa da cocin garinsu. Wannan ne ya sa a ɗan ƙaramin gari za ka tarar da Katolika da Angilika da Baftis da sauransu, kowa ɗauke da gadon wata gardama da aka yi a Turai ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Shi kuwa Littafin, wani Bajamushe mai suna Schön ne ya soma juya shi zuwa Hausa, da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Barth zuwa Turai. Linjilar Matiyu ta fito a 1857, Sabon Alkawari a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin Likita Walter Miller na Zariya tare da wani kwamiti na mishan daban-daban, aka kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Abin lura a nan shi ne, mai fassara dole ya zaɓi kalma. Fassarorin biyu duka sun yi amfani da sunan Allah. Ta 1932 ta ce Yesu Kristi, ta 1979 ta ce Yesu Almasihu. Kalmar baftisma kuwa aro ce daga Girkanci, ba a mayar da ita nutsarwa ko yayyafawa ba, sai kowace coci ta ci gaba da yi yadda ta saba. Ashe ko wanda ya ce shi Littafi kaɗai yake bi, in da Hausa yake karantawa, ta hannun mutane ya iso gare shi.

Tarihin Isawa ma yana da abin dubawa. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya zurfafa nazari a kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa (A.S.), ya tara almajirai. Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga addini, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, mabiyansa suka watsu wajajen Ningi da ƙasar Zazzau. Waɗannan mutane ba su da coci, ba su san Nikiya ba. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Miller, suka shiga cocin Angilika, suka karɓi shaidarta, aka kafa musu zango a Gimi, wanda ciwon barci ya tarwatsa. Da yawa daga waɗanda suka tsira suka ƙare a Wusasa, inda mishan ta koma a 1929. Waɗansu Isawan kuwa suka tsaya a kan abin da suka gada.

'Yan'uwan nan na Jamus da muka ambata, su ma sun iso Nijeriya. Ranar 17 ga Maris, 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, cikin Jihar Adamawa ta yau. Daga nan ne aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, watau EYN, mai hedkwata a Kwarhi kusa da Mubi. Abin da suka gada shi ne, a aikace ake nuna bangaskiya, shi ya sa suke wanke wa juna ƙafa a ibada, suke kuma koyar da ƙin ɗaukar fansa. An gwada wannan koyarwa gwaji mai tsanani. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da Boko Haram ta sace a watan Afrilu na 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne, a watan Oktoba na shekarar kuma aka mamaye hedkwatar tasu, amma shugabanninsu suka ci gaba da kira ga mabiya kada su rama.

Sai kuma ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954, mai hedkwata a Jos. Tana cikin masu cewa Littafi ne alƙalin ƙarshe, amma tana da rubutattun sharuɗɗan bangaskiya a tsarin mulkinta. Haka ma yawancin sababbin coci-cocin Fentikos. Wani abin sha'awa shi ne ƙungiyar TEKAN, watau Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, da aka kafa a 1955. A cikinta EYN, wadda iyayenta suka ƙi takardar aƙida, tana zaune inuwa ɗaya da cocin Lutheran ta Numan, wadda ke riƙe da takardar Augsburg. Abin da ya gagara a Turai shekaru aru-aru, ya yiwu a nan, kuma da harshen Hausa aka ƙulla shi.

TO, WANNE AKE BI?

Amsar ta danganta da wanda ka tambaya. Ɗan Katolika ko ɗan Otodoks zai ce maka ba za su taɓa saɓawa ba, domin daga tushe ɗaya suka fito, kuma coci ce mai fassara. Ɗan Angilika ko Lutheran ko ECWA zai ce Littafi ne a sama, in an tabbatar shaida ta saɓa masa, ita za a gyara. Wanda ya ƙi shaida kuwa zai ce ba ya ma son a kai ga haka. Sai dai tarihin da muka kawo ya nuna cewa duka ukun tambaya ɗaya ce ke gabansu, watau idan mutum biyu masu gaskiya suka karanta aya ɗaya suka saɓa, wa zai raba gardama? Waɗanda suka rubuta shaida sun sami haɗin kai, amma sau da yawa sarakuna sun mayar da ita bulala. Waɗanda suka ƙi rubutawa sun sami 'yanci, amma sun yi ta rarrabuwa, ko kuma su wayi gari da wata shaidar da ba a rubuta ba. Kuma yawancin masu ƙin karanta ta a coci, in ka bi su jimla jimla, sun yarda da abin da ke cikinta. A watan Nuwamba na 2025, da aka cika shekara 1,700 da taron Nikiya, Fafaroma Leo na 14 da Bartholomew, shugaban Otodoks na Santambul, sun yi addu'a tare a Iznik, alhali ɓarakar 1054 ba ta ɗinke ba.

Kai da kake Musulmi, wataƙila abin ba zai zame maka baƙo ƙwarai ba, ko da yake ba muna cewa al'amarin iri ɗaya ne ba. A zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi, wanda a ciki ya yi kimanin shekara biyar a ƙasarku ta Zamfara, akwai waɗansu masu karatun tauhidi da suke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin aƙida irin na malamai ba. Shehu ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, yana nuna cewa imanin talaka ingantacce ne ko bai haddace waɗannan hujjoji ba, alhali bai ce a daina karanta littattafan tauhidi ba.